Riga Mai Ƙwarƙwata

Ƙarfe tara na dare a Yaba,
janareto yana tari a bayan taga,
mu uku a kan teburi ɗaya
muna gardama a kan riga.

Ba rigar mutum ba, rigar manhaja,
wadda za ta fito da ita ranar farko,
kafin kowa ya taɓa saiti,
kafin kowa ya san akwai wata a adaka.

Tsohuwar toka-toka ce, mai kaushi,
maɓallanta kamar bulon siminti,
kallo ɗaya ka san baƙuwa ce a wayar.
Amma shekara uku ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Sabuwar kuwa wata shida ina ɗinkin ta.
Ta zauna a allo kamar nan aka binne cibiyarta,
gefe a lanƙwashe, launi irin na gida,
har Motunrayo ta ce, wannan ai 'yar gari ce.

Sai dai tana da ƙwarƙwata.

In allo ya yi duhu, maɓallin Aika ya ɓuya.
In wayar ta tsufa, sai ta cinye ƙugiyar haruffa,
baƙi su koma baki,
ƙafa ta koma kafa,
wani lokacin ɗan akwati fanko a gurbin harafi
kamar haƙorin da ya fita.

Ebele ya bugi tebur, ya ce a sake ta haka.
Rigar da ba a sa ba, wa ya san inda take matsewa?
Mutum dubu goma za su tsince mana ƙwarin cikin mako.
Motunrayo ta ce, su sun ce maka suna neman aikin tsinta?

Ni dai na yi shiru, ina tuna Tasi'u.

Ranar Talata na kai masa ita Mil Sha Biyu,
tirelar albasa ta iso daga Aliero,
taɓo har idon sawu, ana ta ihun a ba da hanya.
Ya goge yatsa a gefen wando, ya karɓa,
ya ce kai, ta yi kyau, kamar ba ku kuka yi ba.
Ya rubuta buhu arba'in, bashin Iya Sikira,
ya nemi inda zai danna, babu.
Kalmar kuɗi ta fito da rami a tsakiya.
Ya dube ni, ba fushi, ba dariya:
Malam, ta wannan ramin za su zube?

Tasi'u bai san ƙofar saiti ba, ba zai neme ta ba.
Abin da ya tarar a bakin zaure
shi ne gidan gaba ɗaya.

Ni ma shekara bakwai ina Legas.
Na iya karya hula gefe, na iya tsalle cikin danfo,
na iya ihun a tsaya da harshen gari,
amma in na ja zancen ya wuce jimla biyu
sai kwandasta ya yi murmushi ya ce, aboki, kawo canji.
Na san yadda kama take tsayawa a fata.

Da aka zo ɗaga hannu
na ɗaga wa mummunar.
Tawa na rataye ta bayan wata ƙaramar ƙofa,
na rubuta: mai son gwadawa, bismilla.
Ebele ya ce tsoro ne. Wataƙila.
Ya ce abin da aka ɓoye a saiti ya mutu. Wataƙila wannan ma.

A cunkoson Oshodi na buɗe kwamfuta a cinya,
ruwa yana ɗiga ta rufin mota.
Ƙwarƙwata goma sha bakwai ne a jerin.
Na kama ta farko tsakanin farce biyu,
na mayar wa kuɗi ƙugiyarsa
kafin mu kai Agege.